Kundin Aikin Tattara Tsofaffin Hotunan Gulbi, Gadoji da Layin Dogo a Ƙasar Sakkwato

18 ga Nuwamba, 2023

Yau muka rufe karɓar kashin farko na hotuna, kuma daga yau za a riƙa rubuta duk abin da aikin ya cim ma a cikin wannan kundi. Manufarmu ita ce mu tattaro tsofaffin hotunan da ke kwance cikin adakoki a gidajen birnin Sakkwato da kewaye, waɗanda suka shafi gulbi da mafitai, wato wuraren fito, da gadoji da jirgin ƙasa, mu ɗauki kwafinsu a kwamfuta, mu rubuta wa kowanne wurin da aka ɗauke shi da zamaninsa, sannan mu mayar wa mai shi abinsa. Sharaɗin mayarwar nan shi ya buɗe mana ƙofofi, domin gidaje da yawa sun taɓa ba da aron hoton kakansu ga masu bincike, kuma har yau suna jira.

Kusan duk wanda muka yi wa bayani sai ya tambaye mu abin da ya haɗa Sakkwato da jirgin ƙasa, alhali ba a taɓa shimfiɗa dogo a birnin ba. Gaskiya ne ba a shimfiɗa ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ya tsaya nan bai ƙara gaba ba. To amma a wancan zamani Gusau da Ƙaura duka a cikin Lardin Sakkwato suke, kuma ba su rabu da Sakkwato a mulki ba sai da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Bayan haka, fatun jar akuya da ƙiraga da gyaɗa da audugar da ƙasar nan ta fitar, a bayan raƙuma da jakuna, daga baya kuma a cikin manyan motoci, duk tashar jirgi suke nufa, kamar yadda kananzir da gishiri da atamfa da siminti suke dawowa ta wannan hanya. Tsakanin birni da Gusau akwai tafiyar da ta haura kilomita 200, da rafuka da koramu waɗanda ke cika da damina. Saboda haka kowace gada da aka gina a kan wannan hanya, an gina ta ne domin kaya su riski jirgi, kuma ba za a fahimci hotunan gadojin ba idan aka raba su da hotunan tasha.

9 ga Disamba, 2023

An gama tantance lafiyar hotunan. Gara ta ci gefen wasu, ruwan da ya taɓa shiga ɗaki ya manne wasu da juna, waɗansu kuma sun koɗe har sun koma ruwan ƙasa. Waɗanda suka fi ba mu baƙin ciki su ne waɗanda aka kai shago aka rufe da leda mai zafi da nufin adana su. Niyyar mai kyau ce, amma zafin injin da gam ɗin ledar suna kama fuskar hoton ta yadda ba za a sake ɓare shi ba sai an yage shi, ga ƙyallin ledar da ke hana sikana ɗaukar abin da ke cikin duhun hoton. Mun fara roƙon duk gidan da muka shiga da su daina wannan al'ada, su sa hoto cikin ambulan na takarda, su ajiye shi nesa da ƙasa.

Ƙa'idar da muka tsayar ita ce a ɗauki gaba da bayan kowane hoto a kan ɗigo 600 a kowane inci, a ba shi lamba, a rubuta lambar da fensir a jikin ambulan. Ba a taɓa jikin hoto da biro. Ƙurar hunturu tana tilasta mana goge gilashin sikana bayan kowane ɗauka, wanda ya sa aikin ke tafiya a hankali.

20 ga Janairu, 2024

Hoton da ya fi cin mana lokaci a wannan wata ya fito ne daga wani gida da ke wajen Ƙofar Rini. Babba ne, baƙi da fari, yana nuna jirgin ƙasa mai hayaƙi a kan wata doguwar gadar ƙarfe, ruwa shimfiɗe a ƙarƙashinta. Mutanen gidan sun tashi suna jin ana kiransa hoton gadar Sakkwato, kuma sun ba mu shi da wannan suna. Kasancewar jirgi a kan gadar ya isa ya kore wannan magana, amma kore suna ba shi ne aikin ba, aikin shi ne a gano sunan gaskiya.

Faɗin ruwan ya nuna cewa ba ƙaramin kogi ba ne, don haka muka taƙaita bincike a kan manyan gadojin da dogo ya tsallaka a Arewa: ta Jabba a kan Kwara, ta Makurɗi a kan Binuwai, da ta Kaduna. Gadar Makurɗi an buɗe ta a 1932, kuma an yi ta ne domin jirgi da mota su yi tarayya a kanta. Ta Jabba ta girme ta, domin an kammala ta a tsakiyar shekarun 1910, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, bayan an ɗauki shekaru ana fiton taragu a kan jirgin ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Da muka ƙara girman hoton a kwamfuta, sai ga wani curin dutse mai tsayi yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar ruwa, can baya ta hannun hagu, wanda a takardar hoton ba a ganinsa sai kamar tabo. Wannan shi ne dutsen da ake kira Juju a Jabba, kuma babu irinsa a Makurɗi ko Kaduna. Mun kwatanta shi da hotunan wurin na yanzu, siffar ta dace.

Da muka koma gidan da wannan bayani, dattijuwar da ta fi kowa shekaru a cikinsu ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗiyana, ai mahaifin maigidan ga ya yi aikin reluwe can Kudu kahin ya dawo gida." Na ce, "Inna, ko kin taɓa jin an ambaci garin?" Ta ce ita dai ta san ana aiko masa da goro daga can har bayan ya bar aiki. Wannan bayani ya ƙarfafa abin da hoton ya riga ya nuna, kuma mun rubuta shi a takardar hoton a matsayin riwayar gida, dabam da shaidar da ido ya gani.

Daga wannan hoto muka ɗauki tsarin da za mu bi a sauran aikin. Kowace takarda za ta kasance da gurbi biyu, ɗaya na abin da masu hoto suka faɗa, ɗaya na abin da hoton da kansa ya tabbatar. Riwayar gida tana da daraja, domin ita ce ke gaya mana wanda ya kawo hoton da dalilin ajiye shi, amma tana da halin jawo kowane wuri zuwa gida, ta yadda bayan shekara hamsin kowane kogi zai zama Rima.

17 ga Fabrairu, 2024

Mun shiga rukunin hotunan tashar Gusau da ta Ƙaura Namoda, waɗanda mafi yawansu daga gidajen tsofaffin 'yan kasuwa da akawuna suka fito. A nan ba a wahalar gane wuri, domin allon sunan tasha yakan fito a hoton. Wahalar tana wajen zamani, kuma abin da ya fi taimaka mana shi ne kan jirgin.

Layin da aka shimfiɗa a zamanin Turawa zuwa Gusau da Ƙaura Namoda faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, saɓanin sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 mai faɗin milimita 1,435. Kawunan jirgi na farko da kwal suke aiki, kwal ɗin da ake haƙowa a Inugu, shi ya sa kusan kowane hoton tasha na wancan lokaci yake da tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu da tulin baƙin kwal a gefe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shigo da wani jerin kawuna daga Ingila waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan Nijeriya, kowanne da allon sunansa a jikinsa, don haka hoton da ya nuna irin wannan allo ba zai riga ƙarshen shekarun 1940 ba. Masu aiki da man dizal sun fara shigowa ne a tsakiyar shekarun 1950, daidai lokacin da aka mayar da sashen reluwe na gwamnati ya zama Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, amma masu hayaƙi sun ci gaba da aiki tare da su shekaru da dama. Ma'anar wannan ita ce ganin kan dizal yana yanke mana iyakar farko, ganin mai hayaƙi kuwa ba ya yanke iyakar ƙarshe, kuma mun yi hattara da wannan bambanci a duk takardun da muka cika.

Abin da ya fi jan hankalina a rukunin ba jiragen ba ne. A bayan kusan kowane tarago akwai 'yan dako da buhu a ka, da raƙuma a durƙushe, da ɗaurin fatu jibge a gaban sito, da motocin katako jere suna jiran lodi. Mai ɗaukar hoton jirgi ya nufa, amma ya adana mana dukan tsarin safarar lardin ba tare da ya yi niyya ba. A wani hoto an rubuta sunan Sakkwato da fenti a ƙofar wata mota, ga kuma taɓo busasshe har saman tayoyinta, alamar cewa ta ratso wani mashigi da babu gada a kansa.

23 ga Maris, 2024

Saboda azumi mun dakatar da shiga gidaje, muka koma karanta rubutun bayan hotuna. Wasu da boko aka yi su, wasu da ajami, kuma masu ajami sukan sa shekarar Hijira. Ɗaya daga cikin hotunan mafita yana ɗauke da 1357, wadda ta kama daga Maris na 1938 zuwa Fabrairun 1939, wato shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu aka naɗa Abubakar na Uku. Shi ne hoto mafi tsufa da muke da rubutacciyar shekararsa. Tambarin Kodak ko Agfa ko Ilford da ke bayan takarda mun rubuta shi ma, domin zai yi amfani wajen haɗa hotunan da suka fito daga hannun mai ɗauka ɗaya.

11 ga Mayu, 2024

Wannan shi ne rukunin da ya fi yawa kuma ya fi wahala, wato hotunan gulbi kansa. Birnin Sakkwato yana zaune ne kusa da inda Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratso Gusau, yake haɗuwa da Gulbin Rima, daga nan ruwan ya gangara ta Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa Kwara. Fadamar tana da faɗi ƙwarai, ruwan kuma ba ya zama a hanya ɗaya, yakan bar tsohon kwari ya haƙa sabo. Saboda haka ba a iya gane wuri da siffar gaɓa, sai da abin da ba ya motsi, kamar tudun da birnin yake a kai, ko jerin giginya, ko wata tsohuwar tsamiya.

Mun ɗauki kwafin hotunan muka fita da su fadamar Kwalkwalawa, yanzu da ruwa ya janye, muka zauna da wani dattijo wanda ya yi sana'ar fito tun yana saurayi. Ya riƙa ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya yana nisanta shi da idonsa. Da ya zo kan wani da muke zaton na nan kusa ne, sai ya ce, "Wanga ba gulbinmu ba na. Ku dubi jirgin, ku dubi gorunan da ag gaba nai, wanga aikin Kabawa na." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ta yaya za mu bambance?" Sai ya nuna mana cewa mutanen da ke cikin ruwan kowa yana kwance a kan babbar gora da homa a hannu, ga kuma jama'a tsaye a gaɓa cikin manyan riguna, abin da ba a yi a ranar fito ta yau da kullum. Hoton na bikin kamun kifi ne na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan, kuma mun mayar da shi rukunin Kabi.

A sauran hotunan ya nuna mana abubuwan da idonmu bai kai gare su ba. Ya bambance mana jirgin fiton mutane da na dabbobi, ya nuna inda ake ɗaure jakuna su yi iyo a gefen jirgi, ya kuma gane wani wuri da jigon ban ruwa da ke bakin wata gonar albasa. Ya ce a zamaninsa idan gulbi ya kawo, mutumin ƙetare yakan yi kwanaki bai shigo kasuwar birni ba sai ta hannunsu, kuma gina gada shi ya mayar da yawancinsu noman rani da su.

Akwai wani bambanci da hotunan suka nuna ƙarara idan aka jera su bisa zamani. A na da, ruwan damina yana shafe fadama har iyakar gani, sai kawunan shinkafa da ke leƙowa. A na baya-bayan nan ruwan ya fi zama cikin kwarinsa. Tsakanin waɗannan da waɗancan akwai madatsun ruwa biyu: ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, da ta Goronyo a kan Rima, wadda aka kammala a 1984. Madatsun sun rage ambaliyar shekara-shekara da manoman shinkafar fadama suka dogara da ita. Ba ma ɗora hukunci a kan hoto ɗaya, domin damina takan bambanta, kuma an san farin da aka yi a farkon shekarun 1970, amma idan hotuna da yawa daga gidaje dabam-dabam suka nuna abu guda, ya cancanci a rubuta.

22 ga Yuni, 2024

An sami mafita ga wasu hotunan gadoji da suka daɗe ba su da zamani. Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972. Duk hoton da ya nuna motoci biyu suna gilma wa juna a kan gada, ko mota ɗaya da ta riƙe gefenta sosai, yana gaya mana ko kafin wannan rana aka ɗauke shi ko bayanta. Sharaɗi ɗaya ne, a tabbatar ba a juya nagatif ba wajen wanki, kuma ana gane haka da rubutun jikin mota, idan ya karantu daidai to hoton daidai yake. A kan ƙananan gadoji masu hanya ɗaya, inda mota ke bin tsakiya, dabarar ba ta aiki. Haka kuma farashin da mai hoto ya rubuta a baya yana taimakawa, domin sule da fam sun ba naira da kwabo wuri a ranar 1 ga Janairu, 1973.

Da waɗannan ma'aunai biyu muka raba rukunin gida biyu, kuma rabon ya fito da wani abu. Gadojin kafin 1972 galibinsu ƙanana ne, na ƙarfe da katako ko na kankare mara tsayi wanda ruwa ke haurawa idan ya cika. Manya masu dogayen ginshiƙai sun fi yawa a rukuni na biyu, zamanin da Sakkwato take hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, matsayin da ta samu tun 1967, masana'antar siminti ta Kalambaina tana aiki, kuɗin man fetur kuma suka shigo. A daidai wannan zamani ne hotunan tashar Gusau suka fara raguwa a adakokin 'yan kasuwa, domin mota ta daina tsayawa a tasha, ta zarce da kaya har Kano da Legas.

7 ga Satumba, 2024

Mun yi muhawara mai tsawo a kan ko za a karɓi hotunan ambaliyar Satumba ta 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya tafi da gada, har ɗalibai da ma'aikata da mutanen ƙauyukan Dundaye suka koma shiga kwale-kwale. Wasu daga cikinmu suna ganin shekara goma sha huɗu ba ta isa a kira abu tsohon tarihi ba. Ra'ayina shi ne waɗannan hotuna sun fi na 1938 fuskantar haɗarin ɓacewa, domin da ƙananan wayoyi aka ɗauke su, ba a wanke su a takarda ba, kuma yawancin wayoyin da katunansu sun riga sun lalace. Bugu da ƙari, idan aka ajiye hoton fiton 2010 kusa da na 1357 Hijiriyya, za a ga jirgi iri ɗaya da sanda iri ɗaya, sai dai fasinjojin na baya suna riƙe da takardun makaranta. An amince a karɓe su a rukuni na musamman, da sharaɗin a rubuta sunan unguwar da mai hoton ya tsaya da kuma ranar, idan wayar ta adana ta.

19 ga Oktoba, 2024

An mayar da dukan hotunan kashin farko ga masu su, kowanne cikin sabon ambulan tare da kwafin takardar bayaninsa. An ajiye kwafin kwamfuta a wurare biyu dabam, kuma mun fara shirya wasiƙar da za mu kai Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu domin neman a ajiye kwafi na uku a can, inda masu bincike za su iya ganinsa.

Aikin da ke gaba shi ne neman rahotannin shekara-shekara na Lardin Sakkwato da takardun Ma'aikatar Ayyuka a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa, domin a haɗa kowace gada da shekarar gininta a rubuce maimakon dogaro da kimantawa. Da zarar ruwa ya janye a watan Disamba za mu koma fadama mu sake ɗaukar wuraren da aka gane, daga daidai inda mai hoton farko ya tsaya. Karɓar kashi na biyu zai fara a farkon Nuwamba, kuma wannan karo za mu fara da gidajen tsofaffin direbobin manyan motoci da 'yan kamasho na tashar Gusau.